Awon Sauti: Wace Na'urar Saurare ta Gida ce ta fi Cancantar a Gwada ta?



1. Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa a yammacin nan abu ne da kusan kowa a cikinmu ya taɓa kashe kuɗinsa a kai, watau na'urorin saurare da muke ajiyewa a gida: rediyo, da rikoda, da amfilifaya, da lasifika, da 'yan abubuwan nan da samari ke cusawa a kunne su haɗa da wayar hannu. Tambayar da nake so mu duba ita ce: in da za a ba mu ɗakin gwaji guda ɗaya, da injiniya guda ɗaya, da kuɗi ƙayyadaddu, wace ce daga cikin waɗannan na'urori ta fi cancanta a ɗora ta bisa ma'auni, a auna ta, a bayyana wa jama'a sakamakon?

Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da wannan zance, ai na injiniyoyi ne. To, harshe sauti ne tun kafin ya zama rubutu, Hausawa kuwa mutane ne masu saurare. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus kuma a 1963, tun daga lokacin nan kuwa akwatin rediyo ya zama abokin hirar manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, yau duk wanda zai ji su ta bakin wata na'ura zai ji su. Saboda haka wanda ke nazarin sautin Hausa yana da haƙƙin ya tambaya ko na'urar nan tana isar da saƙon da aka ba ta.

Amsata, tun da wuri, ita ce lasifika. Sauran jawabin nan hujjoji ne da zan kawo domin kare wannan amsa.

2. Abin da ake aunawa

Sauti girgizar iska ce. In makaɗi ya bugi kalangu, fatar takan yi ta kai da komowa tana turo iska, iskar kuma ta zo ta girgiza dodon kunnenmu. Abubuwa uku ne manya ake aunawa a nan.

Na farko shi ne yawan girgizar a cikin sakan ɗaya. Ma'auninsa shi ne haz, wanda aka sa wa sunan masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. In girgizar ba ta da yawa sai mu ji sauti mai kauri, irin na tambari. In ta yi yawa sai mu ji siriri, irin na kuntigi ko sarewa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen haz 20 zuwa haz 20,000, amma iyakar ta sama takan yi ta raguwa da shekaru.

Na biyu shi ne ƙarfin sauti, ana auna shi da desibel. Hirar mutum biyu da ke zaune kusa da juna takan kai wajen desibel 60. Wannan ma'auni yana da wani hali da ya kamata kowane mai saye ya sani: in aka ninka wutar da ake tura wa lasifika sau biyu, desibel 3 kaɗai ke ƙaruwa. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku, sai an ƙara wajen desibel 10, watau sai an ninka wutar sau goma.

Na uku shi ne gurɓata, watau abin da na'ura ta ƙara daga kanta wanda babu shi a cikin sautin asali. Ana faɗinsa da kashi bisa ɗari.

Aikin na'urar saurare aikin ɗan aike ne. Ɗan aike na kirki yakan kai saƙo yadda aka ba shi, bai ƙara ba, bai rage ba, bai fifita wata kalma a kan wata ba. Awo shi ne hanyar da za mu bi mu san amanarsa. Sai dai kuma lambobi kaɗai ba su wadatar, sai an haɗa su da sanin halin kunne. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka, suka nuna cewa kunne ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida: ya fi kaifi tsakanin haz 2,000 da 5,000, kuma in aka rage ƙara, sauti mai kauri ne ke fara ɓace masa. Ke nan akwai aibin da ma'auni zai gani amma kunne ba zai ji ba, akwai kuma wanda kowa zai ji.

3. Sharuɗɗan cancanta

Tun da yake ba za a iya auna kome da kome ba, lalle ne mu kafa sharuɗɗan da za mu zaɓa da su. Ina ganin guda huɗu sun isa. Na ɗaya, ya kasance bambancin da ke tsakanin ƙirar wannan kamfani da ta wancan ya kai girman da kunne zai ji shi. Na biyu, ya kasance mai saye ba zai iya gane ingancin abin da kansa a kasuwa ba. Na uku, ya kasance an tabbatar cewa abin da ma'auni ya nuna ya dace da abin da masu saurare ke ji. Na huɗu, ya kasance abin da mai sayarwa ya rubuta a jikin kwali ba ya isa a dogara da shi. Bari mu bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da waɗannan sharuɗɗa.

4. Na'urorin da ke gaban lasifika

Mu fara da tushen sautin. A zamanin garmaho, da kuma zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, tushen nan yana da aibi mai yawa. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a sakan. In injin da ke jansa ya yi sauri ko ya yi nawa, muryar mawaƙi takan tashi ko ta sauka daga inda take, in kuwa jan yana rawa sai muryar ta riƙa rawa. A wancan lokaci awon rikoda yana da muhimmanci ƙwarai, har yanzu ma yana da shi ga masu kwashe tsofaffin kaset-kaset suna adanawa a kwamfuta. Amma daga 1982, sa'ad da Sony da Philips suka fito da faifan CD, al'amarin ya sake. A wannan tsari ana gutsura sauti sau 44,100 a kowane sakan a mayar da shi lambobi, tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfin sauti da hayaniyar tsarin kuwa ta kai wajen desibel 96. 'Yar na'urar da ke mayar da lambobin su koma sauti, wadda ke cikin kowace wayar hannu, an daɗe da ƙware wajen ƙera ta, har aibin mafi yawansu ya sauka ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Ana iya auna bambanci tsakanin biyu daga cikinsu, amma yawanci bambanci ne na takarda. Ta faɗi a sharaɗi na ɗaya.

Sai amfilifaya, wadda ke karɓar ƙaramar wuta mai ɗauke da sauti ta ƙarfafa ta har ta iya motsa lasifika. Tun 1927 injiniya Harold Black ya gano dabarar mayar da wani ɓangare na abin da ya fito zuwa mashiga domin na'urar ta riƙa gyara kuskurenta da kanta. Albarkacin wannan dabara, amfilifaya ta kirki a yau gurɓatarta ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu ba, kuma tana riƙe sautuka masu kauri da sirara daidai, bambancin bai wuce rabin desibel ba. A watan Janairu na 1987 wata mujalla ta Amurka mai suna Stereo Review ta buga sakamakon gwajin da injiniya David Clark ya shirya. An jera amfilifaya iri-iri, daga ta wajen dala 200 har zuwa ta dala 12,000, aka daidaita ƙararsu, aka ɓoye wa masu saurare wadda ke aiki. Da aka tattara amsoshinsu, ba su fi na mai canke ba.

Duk da haka akwai abu ɗaya a jikin amfilifaya da ke bukatar awo, shi ne yawan wat ɗin da ake iƙirarin tana bayarwa. A 1974 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa doka cewa duk mai tallar amfilifaya ya faɗi wutar da take iya bayarwa a ɗore, tare da iyakar sautukan da aka gwada da kuma yawan gurɓatar. Dalilin dokar shi ne masu talla sun riƙa rubuta lambobin da na'urar ba ta iya riƙewa ko na ƙiftawar ido. Irin waɗannan lambobi su ne muke gani a jikin kwali da haruffan PMPO. Gane wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji. In ka ga an rubuta wat 3,000 a gaban akwati, juya bayansa ka duba wutar da yake ja daga bango. In wat 40 yake ja, ba shi da inda zai samo fiye da 40 ya ba ka a ɗore, domin tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa.

Game da wayoyin da ke haɗa na'urorin kuwa, maganar gajeriya ce. Wayar jan ƙarfe mai isasshen kauri, wadda ba ta wuce kima wajen tsawo ba, ta gama aikinta. Kowane ɗalibin fasahar lantarki yana iya auna ta cikin minti biyar.

5. Lasifika

Yanzu mun iso ga mai gayya mai aiki. Duk na'urorin da muka ambata wuta suke karɓa su miƙa wuta. Lasifika ita ce ke mayar da wutar ta zama motsi, motsin ya zama iska mai girgiza, a nan ne kuwa wahala take. Ƙirar da ake amfani da ita har yau, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana ta a 1925: siririyar waya da aka naɗe, a cikin maganaɗisu, a manne da wani faifai mai siffar mazurari, na takarda ko roba ko ƙarfe. Shekara ɗari ke nan, an inganta kayan haɗin, amma tushen yana nan.

Ku dubi nauyin da aka ɗora wa wannan faifai. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a sakan. Saboda haka igiyar sauti ta haz 20 tsawonta ya kai mita 17, ta haz 20,000 kuwa ba ta kai santimita 2 ba. Faifai guda ba zai iya wannan da wancan yadda ya kamata ba. Sauti mai kauri yana bukatar a ture iska mai yawa: duk lokacin da aka rage yawan girgiza da rabi, sai faifan ya ninka nisan kai da komowarsa sau huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Siririn sauti kuwa yana bukatar ɗan ƙaramin faifai marar nauyi. Don haka ne akan sa faifai biyu ko uku a akwati ɗaya, a raba musu aiki da wani haɗi na lantarki, a wurin rabon nan kuma sau da yawa akan sami giɓi ko cunkoso. Shi kansa akwatin yana da tasa murya, in katakonsa ba shi da kauri sai ya riƙa yin amo tare da faifan. Bugu da ƙari, sauti mai kauri yakan bazu ko'ina, siriri kuwa yakan miƙe gaba kamar hasken tocila, ta yadda abin da mai zama a gaba ke ji dabam yake da abin da na gefe ke ji.

Sakamakon duk wannan shi ne, inda amfilifaya ke kaucewa da rabin desibel, lasifikar da ta kauce da desibel 3 sama ko ƙasa ana lissafa ta cikin nagari, masu araha da yawa kuwa sun zarce haka nesa. Inda gurɓatar amfilifaya ba ta kai ɗaya bisa dubu ba, ta lasifika takan kai ɗaya bisa ɗari, a sauti mai kauri in an ƙure ta ma takan kai goma bisa ɗari. Wutar da ake ba ta, wajen kashi ɗaya bisa ɗari ne kaɗai, ko ƙasa da haka, ke zama sauti. Sauran zafi yake zama. Sharaɗi na ɗaya ya cika ke nan.

A nan akwai wata lamba da ta fi wat muhimmanci ga wanda ke dogara da batir ko wutar hasken rana, ita ce yawan desibel da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Lasifikar da ke ba da desibel 90 in ka ba ta wat 25, ƙararta daidai take da ta mai desibel 84 da aka ba wat 100. Wannan lamba ce ke gaya maka ko batirinka zai kai ka ƙarshen labarai, amma ba kasafai mai saye ke tambayarta ba.

6. Gani ya kori ji

Wani zai ce, tun da bambancin yana da girma haka, ai kunnena ya ishe ni, in shiga kanti in saurara in zaɓa. Hausawa sukan ce gani ya kori ji, suna nufin abin da ido ya shaida ya fi abin da aka ba ka labari. A fagen sauraren lasifika karin maganar nan ta tabbata ta wata fuska da masu ita ba su nufa ba: ido yakan kori kunne daga aikinsa.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan shi ne Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana bincike a Majalisar Bincike ta Ƙasa da ke Ottawa a Kanada, ya buga manyan sakamakonsa a 1985 da 1986, daga baya ya koma kamfanin Harman a Amurka a 1991. A 1994 shi da abokin aikinsa Sean Olive suka gwada ma'aikatan kamfanin su 40 da lasifika huɗu. An saurara sau ɗaya lasifikokin suna bayan labulen da sauti ke ratsawa, sau ɗaya kuma suna fili. Da aka ɗage labule, makin manyan akwatuna masu tsada da ƙyalli ya tashi, na ƙarama mai araha ya sauka. Abin da ya fi ban mamaki, a bayan labule in aka sauya wa lasifika wuri a cikin ɗakin makinta yakan sauya, domin lalle sautin ya sauya. Amma a fili, ko an sauya wurin, makin bai cika motsawa ba. Watau mutanen sun riga sun yanke hukunci da ido. Ƙwararru a cikinsu ma ba su tsira ba.

Ku ƙara da halin kasuwa. In aka kunna lasifika biyu, ɗaya ta ɗan fi ƙara ko da da desibel ɗaya ne, mai saurare yakan ce ita ta fi kyau. Wadda aka cika wa kauri da kaifi takan burge a minti na farko, sa'an nan ta gajiyar da kunne bayan sa'a guda. Kunne kuma ba ya riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan sakanni, balle a kwatanta abin da aka ji a wannan rumfa da na waccan, ga hayaniyar janareta da ta masu tura kura. Sayen lasifika a irin wannan hali cinikin biri a sama ne. Sharaɗi na biyu ya cika.

Sharaɗi na uku shi ne mafi nauyi, shi ne kuma binciken su Toole ya warware. Sun gano cewa in aka ɓoye lasifika, aka daidaita ƙara, mafi yawan mutane abu ɗaya suke zaɓa: wadda ke ba kowane sauti haƙƙinsa a gaba, wadda kuma sautin da take watsawa gefe ya yi kama da na gaban. A 2003 Olive ya buga gwajin da ya ƙunshi mutum fiye da 250, ƙwararru da waɗanda ba su ƙware ba, jerin zaɓinsu kuwa ya zo ɗaya. A 2004 ya fito da wani lissafi da ke hasashen makin da masu saurare za su bayar daga awo kaɗai; da aka gwada shi a kan lasifika 70, dacewarsa da ainihin makin ta kai 0.86, inda 1 ke nufin cikakkiyar dacewa. Daga wannan aiki ne aka samo ƙa'idar awo ta Amurka mai lamba 2034, ta 2013, wadda ta ce a auna lasifika a ɗakin da ba ya amsa kuwwa, daga kusurwa 70 kewaye da ita, a tsaye da a kwance. Ba a kori kunne daga kujerar alƙalanci ba. An dai rufe wa alƙali ido, sa'an nan aka tarar hukuncinsa ya yi daidai da na ma'auni.

Sharaɗi na huɗu ba ya bukatar dogon bayani. Kwali yakan ce "haz 20 zuwa 20,000" ba tare da ya faɗi desibel nawa aka kauce ba, wannan kuwa kamar a ce maka an ba ka hatsi ne ba a faɗi mudu nawa ba.

Ga mai cewa shi ya fi son kauri mai yawa, babu laifi, ga maɓallin ƙara kauri nan a jikin na'ura. Gishiri a hannun mai cin tuwo ya kamata ya kasance. In an riga an cika shi a tukunya, ba mai iya cire shi.

7. Ɗakin da aka ajiye ta

Lasifika ba ita kaɗai take magana ba, ɗaki yana taya ta. Siminti da tayil da gilashi suna mayar da sauti. Labule da darduma da katifa da kujerun auduga suna shanye shi. Kowane ɗaki kuma yana da sautukan da yake kumburawa gwargwadon girmansa. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura sautin wajen haz 43, da 86, da 129, har a ji kaurin ya yi yawa a kusurwa ya ragu a tsakiya, bambancin yakan kai desibel 10 ko fiye. Wannan ne ya sa ake auna abin da lasifika ke watsawa gefe, domin shi ne ke bugun bango ya dawo kunne. Wanda ya shimfiɗa darduma, ya rataya labule, ya jawo lasifikarsa daga kusurwa, sau da yawa ya fi wanda ya sayi sabuwar amfilifaya cin riba.

8. Ina ruwan Hausa?

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar "kuka" in ka ɗaga gaɓoɓinta biyu hawaye ake nufi, in ka ɗaga ta farko ka sauke ta biyu itaciya ce. Karin nan yana tafiya ne a kan girgizar maƙogwaro, wadda a bakin namiji take tsakanin wajen haz 85 da 180, a bakin mace kuma tsakanin 165 da 255. Ƙaramar rediyo ba ta iya fitar da waɗannan sautuka da ƙarfi, amma Allah ya hore wa kunne wata baiwa: daga sautukan sama da ke rakiyar murya yakan gane na ƙasan da ya ɓace. Shi ya sa muke jin karin sauti ko a tarho, wanda tsohon tsarinsa ke wucewa da haz 300 zuwa 3,400 kaɗai.

Inda asara take shi ne a baƙaƙe. Abin da ya raba "sara" da "shara" yana can sama, domin mafi yawan ƙarfin "s" ya haura haz 4,000. Abin da ya raba "kara" da "ƙara", ko "sara" da "tsara", wata 'yar fashewa ce da ɗan shirun da ke biye da ita, wanda bai kai kashi ɗaya bisa goma na sakan ba. Akwatin da ke ci gaba da amo bayan sauti ya ƙare, ko ɗakin da ke amsa kuwwa, yakan cike wannan shiru. Bahaushe yakan cike giɓin daga ma'anar zance, bai ma san ya yi ba. Amma mai koyon Hausa, da ɗalibin da ke rubuta tsohuwar waƙar fada mai cike da kalmomin da aka daina amfani da su, da tsohon da jinsa ya ragu, ba su da wannan gata. Su ne lasifika marar amana ta fi cuta. BBC ta san haka, shi ya sa injiniyoyinta suka ƙera tasu ƙaramar lasifika, LS3/5A, a tsakiyar shekarun 1970, suka gindaya wa kamfanonin da ke yin ta ƙa'idar awo mai tsanani, domin a ji muryar mai magana yadda take.

9. Ta biyu a cancanta

Bayan lasifikar ɗaki, sai 'yar'uwarta ta kunne. Ita ma lasifika ce, bambancin wata da wata yana da girma, kuma a yau ita ce matasa suka fi saurare da ita. A kanta akwai maganar lafiya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda saurare da ƙara mai yawa. A 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fito da ƙa'ida: desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako ga babba, desibel 75 ga yaro. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunnen ɗan Adam in sun mutu ba su sake tsirowa. Mai saurare kuwa ba shi da hanyar sanin desibel nawa ke shiga kunnensa sai an auna an gaya masa.

10. Kammalawa

A taƙaice, jerin cancanta a ganina shi ne: lasifikar ɗaki, sa'an nan ta kunne, sa'an nan iƙirarin wat na amfilifaya, sa'an nan rikodar da za a kwashe tsofaffin kaset da ita. Sauran su biyo baya in lokaci da kuɗi sun ragu.

Ina da roƙo ga rukuni uku. Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu sayo kayan makarantu da ɗakunan koyon harsuna da zaurukan taro, ku riƙa neman takardar awo kafin ku sa hannu: desibel nawa take bayarwa da wat ɗaya, daga haz nawa zuwa nawa, da kaucewar desibel nawa. Hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, tana iya duba yiwuwar ƙa'ida game da lambobin wat da ake rubutawa a kwali. Ga abokan aikinmu na sassan injiniya da kimiyyar lissafin halitta, makirufon awo da kwamfuta sun isa a fara, a auna lasifikokin da suka fi yawa a kasuwanninmu, waɗanda su ne mujallun ƙasashen waje ba su damu da su ba. Mu kuma a sashen Hausa mu shirya jerin kalmomi irin su kara da ƙara, daka da ɗaka, gari na zama da gari na tuwo, a gwada da su a bayan labule. Ga ɗalibai, in za ku saya, ku tafi da muryar mutumin da kuka sani a wayarku, ku daidaita ƙarar lasifikokin, ku juya musu baya, wani ya riƙa sauya muku. Sa'an nan ku rage ƙarar abin da ke kunnenku.

Kakanninmu ba su yarda a sayi hatsi da ido ba, suka kafa mudu, addini kuma ya yi kakkausan gargaɗi ga mai tauye shi. Sauti ma yana da mudunsa, an kuwa san yadda ake awo da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.